Yadda za ka gane narkewa da tafasa, ka kuma iya lissafin zafin da suke ci

Toh, abin da ke kayar da yawancin ɗalibai a wannan darasi na kemistiri shi ne tunanin wai in dai ana ƙara wa abu wuta to dole ma'aunin zafi ya yi ta hawa. Ba haka bane. Ka ɗora ruwa a wuta ya tafasa, ka ƙure wutar iya ƙarfinta, ka zura ma'aunin zafi a ciki, zaka ga ya tsaya cak wajen digiri 100, ruwan na ta zaɓalɓala yana ƙafewa amma lambar ta ƙi motsi. Wutar kuma ai ba a banza take ci ba, zafin na shiga. Ina yake zuwa kenan? In ka iya amsa wannan, ka kuma iya sa shi a lissafi, ka gama da kusan duk tambayoyin da ake yi a kan canjin halin abu. Mu bi shi daki-daki.

Mataki na 1: raba digiri da makamashin zafi

A maganar yau da kullum duka zafi muke ce musu, amma abu biyu ne. Digiri, wato abin da ma'aunin zafi ke nuna maka, yana faɗa maka irin saurin da ƙwayoyin abu, molekul-molekul ɗinsa, suke kai-komo ne a matsakaici. Makamashin zafi kuwa shi ne yawan ƙarfin da ya tashi daga abu mai zafi ya shiga mai sanyi, ana auna shi da jul, ana rubuta J. Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da bokiti guda na tafasasshen ruwa duk digiri 100 ne, amma wutar da bokitin ya ci kafin ya kai nan ta ninka ta kofin sau da yawa. Shikenan bambancin.

Ma'aunin da muke amfani da shi na Salsiyas ne, sunan Anders Celsius ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fito da shi a 1742, kuma abin mamaki nasa a juye yake, 0 ne tafasa 100 kuma daskarewa, daga baya aka juya shi. In an baka tambaya da Kelbin, wani ma'aunin digiri ne na daban, ka ƙara 273 a kan Salsiyas kawai, 273.15 in ana son daidai wa daida. Amma in tazara tsakanin digiri biyu kake nema kada ka wahalar da kanka da canzawa, tazarar 30 a Salsiyas ita ce tazarar 30 a Kelbin.

Mataki na 2: san halayen da hanyar da zafi ke bi

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Abu yana zama sandararre, ko ruwa-ruwa, ko gas. A sandararre ƙwayoyin suna riƙe da juna gam, sai dai su yi ta karkarwa a inda suke. A ruwa-ruwa suna manne da juna har yanzu amma suna zamewa suna wuce juna. A gas sun rabu, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wane canji ne ke shan zafi, wane ne ke sakinsa. Narkewa, tafasa da ƙafewa suna sha. Daskarewa da komawar tururi ruwa suna saki, kuma daidai adadin da aka sha shi ake saki, ba ragi ba ƙari. Akwai kuma masu tsallake matakin ruwa gaba ɗaya su tashi daga sandararre zuwa gas, kamar kafur ɗin da ake sawa cikin kaya yana ta ƙanƙancewa ba tare da ya jiƙa komai ba, ko busasshiyar ƙanƙara ta kabon dayoksaid wadda ke zama gas a digiri 78.5 ƙasa da sifili.

Mataki na 3: gwada da hannunka

Ni a ganina wannan matakin ya fi haddar fomula goma amfani, don wanda ya ga ma'aunin ya tsaya da idonsa ba zai sake mantawa ba. Kana buƙatar dakakkiyar ƙanƙara, ƙaramar tukunya ko bika, wuta mai ci daidai ba mai tashi da sauka ba, agogo, takarda da biro, da ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaji wanda ke zuwa daga -10 har 110. Don Allah kada ka ɗauko na auna zazzaɓi, wancan iyakarsa wajen 42 ne, in na gilashi ne fashewa zai yi.

Zuba ƙanƙarar da ɗan ruwa kaɗan don kan ma'aunin ya samu abin da zai nutse a ciki, ka kunna wuta kaɗan-kaɗan, ka riƙa juyawa, kuma duk bayan daƙiƙa 30 ka rubuta abin da ka karanta. Kada kan ma'aunin ya taɓa gindin tukunyar, in ya taɓa zafin ƙarfen kake aunawa ba na ruwan ba. Juyawar nan ma ba wasa bace, in ka daina juyawa ruwan ƙasa zai yi ɗumi alhali ƙanƙara na yawo a sama sai lambobinka su rikice.

Ga abin da zaka gani. Muddin akwai sauran ƙanƙara ma'aunin zai maƙale kusa da 0, ko da 1 ko 2 ya nuna ba komai. Ƙanƙarar ƙarshe na ɓacewa sai ya fara hawa, kusan tazara ɗaya kowane rubutu. Can tsakiyar hanya zaka ga wasu ƙananan kumfa sun manne a jikin tukunyar, mutane da yawa sai su ce ai ya fara tafasa, a'a, iskar da ta narke a cikin ruwan ce ke fita saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Daga nan sai ka ji tukunyar ta fara wani tsuwwa, wannan kumfan tururi ne ke tasowa daga gindi suna haɗuwa da ruwan sama da bai kai zafinsu ba suna fashewa tun kafin su iso. In tsuwwar ta lafa, manyan kumfa suka fara isowa sama suna fashewa, to yanzu ne ya tafasa, kuma yanzu ne ma'aunin zai sake tsayawa. Ka ci gaba da rubutu na minti uku ko huɗu don ka tabbatar wa kanka.

Wani abin lura, in a buta mai baki ka tafasa, duba dab da bakin zaka ga ɗan wuri kamar ba komai kafin farin hayaƙin ya fara. Wannan wurin da ba a ganin komai shi ne ainihin tururi, farin da kake gani ɗigo-ɗigon ruwa ne da ya riga ya huce. Kallo kawai zaka yi, kada ka kai yatsa.

Mataki na 4: zana giraf ɗin

Lokaci a kwance, digiri a tsaye. Abin da zai fito maka shi ne layi a kwance, sai hawa, sai wani layin a kwance. Cikakken giraf ɗin da ake bayarwa a jarabawa yana da gaɓa biyar domin yana farawa da ƙanƙara mai sanyin ƙasa da sifili yana ƙarewa da tururin da ya wuce 100: hawa, kwance, hawa, kwance, hawa.

A inda layin ke hawa, zafin da ke shiga yana ƙara wa ƙwayoyi gudu ne shi yasa ma'auni ke gani. A inda yake kwance, zafin yana tafiya ne wajen ɓamɓare ƙwayoyin daga riƙon da suka yi wa juna, gudunsu bai ƙaru ba, don haka ma'auni bai ga komai ba. Kamar mai biyan bashi ne, kuɗi na shigowa kullum amma aljihu bai ƙaru ba har sai an gama biya. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma Joseph Black, wani masani a jami'ar Gilasgo ta Sukotland, shi ya bayyana shi a farkon shekarun 1760.

Mataki na 5: fomula biyu, kowacce da wurinta

In digiri na canzawa amma halin abu bai canza ba, Q = m × c × ΔT. Q shi ne makamashin zafi, m nauyi, ΔT tazarar digiri, c kuma zafin da giram 1 na abin ke buƙata kafin ya hau digiri 1.

In hali na canzawa digiri kuma a tsaye, Q = m × L. Babu ΔT a ciki sam, ai ba abin da ya hau. L shi ne ɓoyayyen zafin giram 1.

Ga lambobin ruwa. c na ƙanƙara wajen 2.1 J, na ruwa 4.18 J, na tururi wajen 2.0 J, duk a kowane giram kowane digiri. L na narkewa 334 J a giram, na tafasa 2260 J a giram. Kalli biyun ƙarshen nan da kyau, na tafasa ya kusa ninka na narkewa sau 7, dalili kuwa a narkewa sassauta riƙon kawai aka yi ƙwayoyin na nan kusa da juna, a tafasa kuwa raba su ake yi kwata-kwata.

Wani littafin zai baka 6.01 kJ da 40.7 kJ (kJ ɗaya jul 1000 ne) a kowane mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin abu, kada ka rikice, abu ɗaya ne. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, raba 6010 da 18 ka gani, 334 zai fito. Sai dai in da mol aka baka L, to dole ka mayar da giram ɗinka mol kafin ka ninka.

Mataki na 6: yi lissafin gaɓa-gaɓa

Ga tambaya. Zafi nawa ake buƙata a mayar da ƙanƙara giram 200 mai digiri -15 ta zama tururi mai digiri 110?

Mai gaggawa zai ce daga -15 zuwa 110 tazarar 125 ce, sai ya buga 200 × 4.18 × 125 a kalkuleta ya samu 104,500 J ya ja layi biyu a ƙasa. Ya faɗi, kuma ba ƙaramar faɗuwa ba. Kafin ka taɓa kalkuleta ka ja layi a takarda, ka sa inda aka fara da inda za a ƙare, sannan ka tambayi kanka, a hanyar nan zan ratsa ta 0? Zan ratsa ta 100? Duk inda ka ratsa akwai tsayawa. A nan duka biyun za a ratsa, gaɓa biyar kenan.

Ɗumama ƙanƙarar daga -15 zuwa 0: 200 × 2.1 × 15 = 6,300 J. Lura da c na ƙanƙara aka yi ba na ruwa ba.

Narkar da ita a 0: 200 × 334 = 66,800 J.

Ɗumama ruwan daga 0 zuwa 100: 200 × 4.18 × 100 = 83,600 J.

Tafasa shi har ya ƙare a 100: 200 × 2260 = 452,000 J.

Ɗumama tururin daga 100 zuwa 110: 200 × 2.0 × 10 = 4,000 J.

Jimla 612,700 J, wato 612.7 kJ. Amsar mai gaggawa bata kai ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Kuma kaga gaɓar tafasa ita kaɗai ta cinye kusan kashi 74 cikin 100. In da hita mai wat 1000 kake aikin, wadda ke bada jul 1000 duk daƙiƙa, kuma a ce ba zafin da ke zurarewa, ɗumama ƙanƙarar daƙiƙa 6 ce kacal, narkewa minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, kai ruwan ga tafasa bai kai minti ɗaya da rabi ba, amma ƙafar da shi sai ya ci minti bakwai da rabi. Shi yasa ruwa ke saurin tafasa amma ya daɗe bai ƙone ba. Wannan ma hanyar duba aikinka ce, in ka gama lissafin ruwa ka ga gaɓar tafasa ba ita ce mafi girma ba to koma ka duba, akwai inda ka yi tuntuɓe.

In tambayar sanyaya ce, daga tururi zuwa ƙanƙara, lambobin nan ne dai sak, sai dai zafin fita yake yi, wasu malaman suna son ka sa alamar ragi a gaba. Nan ne ma zaka gane me yasa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni duk da digirinsu ɗaya. Giram 10 na ruwa mai digiri 100 in ya huce zuwa 37 na jikin mutum zai saki 10 × 4.18 × 63, wajen 2,630 J. Giram 10 na tururi kuwa sai ya fara sakin 22,600 J wajen komawa ruwa a kan fata sannan ya saki wancan, sama da 25,000 J kenan, kusan ninki 10.

Mataki na 7: in an haɗa mai zafi da mai sanyi

Ƙa'idar ita ce zafin da ɗaya ya rasa shi ɗayan ya samu. Amma in akwai ƙanƙara a ciki akwai tarko, dole ka fara duba ko zata narke duka.

A ce an jefa ƙanƙara giram 50 mai digiri 0 cikin ruwa giram 300 mai digiri 30. Narkar da ita na buƙatar 50 × 334 = 16,700 J. Iya abin da ruwan zai iya bayarwa in ya sauka har 0 shi ne 300 × 4.18 × 30 = 37,620 J. Ya isa har da saura, don haka zata narke duka. Yanzu sai ka kira digirin ƙarshe T:

300 × 4.18 × (30 − T) = 16,700 + 50 × 4.18 × T

37,620 − 1254T = 16,700 + 209T, sai 20,920 = 1463T, T ya zama wajen 14.3. Wancan ɓangaren na 50 × 4.18 × T shi ake yawan mantawa, ai ƙanƙarar da ta narke ta zama ruwa mai digiri 0 kuma shi ma sai an ɗumama shi.

To da giram 150 aka jefa fa? Tana buƙatar 50,100 J, ruwan kuma 37,620 kawai gare shi. Bai isa ba. A nan ba sai ka nemi T ba, amsar 0 ce, abin da zai narke 37,620 ÷ 334, wajen giram 113, sauran giram 37 na nan suna yawo. Wanda bai duba ba ya afka cikin fomula zai samu T ƙasa da sifili, ruwa mai ɗumi ya sa ƙanƙara ta ƙara sanyi kenan, abin da ba zai yiwu ba.

Mataki na 8: daina ɗaukar 100 kamar doka

Wataƙila a gwajinka na mataki na 3 ma'aunin ya tsaya a 98 ko 97 ka zaci ya lalace. Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Ruwa yana tafasa ne lokacin da matsin tururinsa ya kai matsin iskar da ke danne shi daga sama, a nan ne kumfa zai iya buɗewa a cikin ruwan ba tare da an murƙushe shi ba. Digiri 100 ɗin nan na matsin iska na daidai da gaɓar teku ne, 101.3 kPa ko 760 mmHg. In ka hau tudu iskar da ke kanka ta ragu, sai ruwa ya tafasa da wuri, kusan digiri 1 ke raguwa duk mita 300 da ka hau. A ƙololuwar dutsen Ebares, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, ruwa na tafasa wajen digiri 70. A juye kuma, tukunyar firesha tana tare tururi matsi ya ƙaru, ruwan ciki ya kai wajen 120 kafin ya tafasa, shi yasa take saurin dafa abu, kuma da wannan dabarar ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aikin asibiti.

Kada kuma ka haɗa tafasa da ƙafewa. Ƙafewa a saman ruwa kaɗai take faruwa kuma a kowane digiri, ƙwayoyin da suka fi gudu ne ke tserewa su bar masu sanyin jiki a baya, shi yasa abin da ya rage ke yin sanyi. Gumi haka yake aiki, yana ɗibar ɓoyayyen zafinsa daga fatarka, in kuma iska ta riga ta cika da danshi sai ya kasa ƙafewa ka yi ta jiƙewa ba sauƙi. Firiji ma wasan kenan, wani sinadari ne ke zama gas a bututun ciki yana shan zafi, injin ya matse shi ya koma ruwa a bututun baya ya saki zafin, taɓa bayan firiji ka ji.

Batun gishiri kuwa, gaskiya ne yana ɗaga digirin tafasa, amma an cika zuzuta shi. Sai ka narkar da wajen giram 58 a lita ɗaya ta ruwa kafin ya ɗaga da digiri 1.

Mataki na 9: in ba ruwa aka baka ba

Kowane abu da nasa wuraren tsayawa, kuma ƙarfin riƙon da ƙwayoyinsa ke wa juna shi ke yanke hukunci. Naiturojin riƙonsa ba ƙarfi, yana tafasa a -196, oksijin a -183. Asiton 56, etanol 78, shi yasa in ka shafa sifirit a hannu nan da nan ya bushe ka ji sanyi. Zaiba sai 357. Gishiri ma kafin ya narke kawai sai ya kai 801 saboda shi ƙwayoyinsa cajin lantarki ne ke riƙe su da juna. Ruwa a cikinsu ɗan ban mamaki ne, molekul ɗinsa ƙarami ne mara nauyi, gas ɗin mitan da ya kusa kai shi nauyi yana tafasa tun wajen -162, haidurojin salfaid da ya fi shi nauyi wajen -60, amma shi sai 100, saboda wani riƙo mai ƙarfi da ke tsakanin ƙwayoyinsa, wanda ake kira haɗin haidurojin. In aka ce ka jera abubuwa bisa digirin tafasarsu fara duba irin riƙon, nauyi ya biyo baya.

Tsarin lissafin bai canza ba, lambobin ne kawai. A ce etanol giram 100 daga digiri 20 zuwa 90. Da ruwa ne gaɓa ɗaya ce ka gama, amma etanol yana tafasa a 78, don haka gaɓa uku ce: ɗumama ruwansa daga 20 zuwa 78 da c nasa wajen 2.44, wato 100 × 2.44 × 58, kusan 14,150 J, sai tafasa shi da L nasa wajen 840 J a giram, 84,000 J, sannan ɗumama tururinsa daga 78 zuwa 90 da c na tururin etanol wanda za a baka a tambayar. Kafin ka ninka komai duba ko c ɗin da giram aka rubuta ko da kilogiram, don 4.18 a giram shi ne 4180 a kilogiram, kuma in L na kJ ne c na J, mayar da su abu ɗaya tukuna sannan ka tara.